Lambar Rimi: Kada Aikin Iska Ya Bi Iska

Duk wanda ya taɓa kwana a Zangon Agege, ko Idi-Araba, ko Alaba Rago, ya san abin da kan faru da zarar an ɗauke wuta bayan magariba. Nan take sai ƙananan janaretoci su ɗauki ruri ta kowace kusurwa, hayaƙi ya turnuƙe lungu, tela ya koma lissafin kuɗin fetur kafin ya taɓa keken ɗinki, mai aski ya ƙara farashi, mai sayar da ruwan sanyi kuwa ya zuba wa ƙanƙararsa ido tana narkewa. Tun daga ran 29 ga watan Mayu, 2023, da aka janye tallafin mai, wannan lissafi ya ƙara nauyi a wuyan talaka. Akasarin masu waɗannan sana'o'i 'yan Katsina ne da Kano da Sakkwato da Zamfara da Jigawa, kuma kowannensu ya san cewa duhun da yake kuka da shi a Ikko bai kama ƙafar wanda ya baro a gida ba. Saboda haka maganar wutar lantarki a Arewa magana ce ta mazauna kudu, ko da suna ganin sun yi nisa da ita.

A ƙaramar hukumar Rimi ta Jihar Katsina, a wurin da ake kira Lambar Rimi, akwai wani aiki da ya kamata kowane ɗan Arewa ya san labarinsa. Matafiyi a hanyar Katsina zuwa Kano yakan hango waɗansu dogayen turakun ƙarfe a jere cikin fili, kowanne da farfela mai fuka-fuki biyu a kansa. Wannan ita ce tashar samar da lantarki da ƙarfin iska, ta farko mai girma da aka yi niyyar haɗawa da babban layin wutar Nijeriya. An tsara ta da injuna 37, kowanne mai ƙarfin kilowat 275, a kan turke mai tsawon mita 55, watau jimillarsu megawat 10 da 'yan kai. Tarihin wannan tasha ya isa ya nuna inda ciwon ƙasan nan yake game da manyan ayyuka.

Yadda irin wannan inji yake aiki ba wani abin asiri ba ne. Fankar ɗaki takan sha lantarki ta ba da iska. Injin iska kuwa akasin haka yake yi, ya sha iska ya ba da lantarki. Iska ta bugi fuka-fukan, su juya sandar da ke tsakiya, sandar ta juya janaretan da ke cikin akwati a ƙwanƙolin turken, wutar ta gangaro ta waya zuwa taransifoma, daga nan ta shiga layi. Ba ya shan fetur, ba ya shan gas, ba ya fid da hayaƙi, kuma abin da ke juya shi ba ya ƙarewa. Masana sun tabbatar da cewa idan saurin iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta yakan ninka sau takwas. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗaga injunan sama ƙwarai, inda itatuwa da gine-gine ba su tare iska, kuma shi ne dalilin da ya sa ake shafe shekara guda ko fiye ana auna iskar wuri kafin a kafa ko da turke ɗaya.

Amfani da iska kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni mata suke jiran ta kaɗa a masussuka don su shiƙe hatsi. A shekarun 1960 an kakkafa famfunan iska masu jawo ruwa daga rijiyoyi a waɗansu ƙauyukan Arewa, har da na lardin Sakkwato. Daga baya masu bincike na Sakkwato sun kafa wani ƙaramin inji mai kilowat 5 a ƙauyen Sayya Gidan Gada don gwaji. Awon da aka yi a sassan ƙasan nan ya nuna cewa tudun Jos da filayen Katsina da Kano da Sakkwato suna cikin wuraren da iskarsu ta fi ƙarfi. Watau iskar hunturun nan da kan fasa leɓe da dunduniya, ta cika ido da ƙura, arziki ce da Allah Ya ajiye a ƙofar gida. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Wannan kuwa ko tono ba ta bukata.

Marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya ɗauko maganar tashar Lambar Rimi a 2005, lokacin yana gwamnan Katsina. Bayan ya zama shugaban ƙasa a 2007 Gwamnatin Tarayya ta karɓi aikin, aka ba kamfanin Vergnet na ƙasar Faransa kwangila, da sa ran a gama cikin kamar shekara biyu, watau zuwa 2012. Kaya suka iso, aka fara kafa turaku. Ana cikin haka, ran 19 ga watan Disamba, 2012, 'yan bindiga suka kai hari gidan da injiniyan kamfanin yake zaune a garin Rimi, suka kashe mutum biyu, suka tafi da shi. Ƙungiyar Ansaru ta ce ita ta kama shi. Ya yi wata goma sha ɗaya a hannunsu kafin ya kuɓuta a Zariya cikin watan Nuwamba na 2013. Aiki ya tsaya cik, injuna suka zauna cikin rana da ruwa da ƙura, ɓarayi suka shiga kwance abin da za su iya kwancewa.

Daga nan sai alkawari ya riƙa bin alkawari. Ministocin lantarki suka yi ta zuwa duba aiki, kowanne ya tsaya gaban turakun a ɗauke shi hoto, ya faɗi watan da za a buɗe, watan ya zo ya wuce. A 2021 ma'aikatar lantarki ta tarayya ta ba da sanarwar cewa tasha ta shirya, buɗewa kawai ya rage. Duk da haka a 2024, shekara goma sha tara bayan an fara maganar, Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa yana neman hanyar farfaɗo da ita ne, har ya tattauna da kamfanin da ya ƙera injunan, aka kuma kawo shawarar a haɗa mata da na'urorin hasken rana. Yaron da aka haifa a Rimi shekarar da aka ɗauko wannan aiki ya isa aure tun kafin garinsu ya ga moriyar da aka yi masa alkawari, kuma ba mamaki yana cikin masu tura baro a kasuwar Mile 12.

Ba za a ƙi gaskiya ba, sace injiniyan nan babban uzuri ne, domin babu kamfanin da zai bar ma'aikatansa inda ransu yake cikin haɗari. Amma uzurin shekara ɗaya ba ya wanke sakacin shekara goma. Gani ya kori ji: wannan kamfani na Vergnet shi ne ya karɓi kwangilar tashar iska ta Ashegoda, kusa da birnin Mekele a ƙasar Habasha, a 2008, aka kuwa buɗe ta a watan Oktoba na 2013 da ƙarfin megawat 120, ninkin ta Lambar Rimi sau goma sha biyu. A ƙasar Senegal, wadda take Afirka ta Yamma kamar Nijeriya, an fara ginin tashar Taiba Ndiaye a ƙarshen 2018, Shugaba Macky Sall ya buɗe ta a watan Fabrairu na 2020. Injunanta 46 ne, ƙarfinta kusan megawat 159, ta yadda uku kacal daga cikinsu sun kai dukan na Lambar Rimi. A Maroko tashar Tarfaya mai megawat 301 ta fara aiki tun 2014. A Turai kuwa ƙasar Denmark fiye da rabin lantarkinta daga iska take samu. Iskar waɗannan ƙasashe ba ta fi ta Katsina sanin aikinta ba. Bambancin yana ga mutanen da aka ɗora wa amana.

Akwai kuma darasi a ƙasar Kenya, inda aka kafa injuna 365 a gefen tafkin Turkana, masu ƙarfin megawat 310. An gama kafa su a 2017, amma layin da zai kwashi wutar, mai tsawon fiye da kilomita 400, bai kammala ba sai a watan Satumba na 2018. Fiye da shekara guda injunan suna tsaye, gwamnatin Kenya kuma ta biya tara mai yawa a kan wutar da ba wanda ya sha. Darasin shi ne, kafa turke rabin aiki ne. Sauran rabin yana ga layi, da taransifoma, da yarjejeniyar wanda zai sayi wutar da farashin da zai saya, da kayan gyara, da ma'aikatan da za su kwana su tashi da injunan. Waɗannan ba su da daɗin ɗaukar hoto, shi ya sa mahukunta sukan bar su a baya.

Mai tambaya zai ce, mene ne megawat 10 a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, wadda babban layinta yakan raba tsakanin megawat 4,000 da 5,000? Lalle kaɗan ne, tashar Egbin da ke kusa da Ikorodu ita kaɗai an gina ta da ƙarfin megawat 1,320. Bugu da ƙari iska ba ta kaɗawa da ƙarfi ɗaya dare da rana, don haka tashar iska mai kyau takan ba da kamar sulusin cikakken ƙarfinta ne idan aka haɗa lissafin shekara. To amma ko rubu'i Lambar Rimi ta riƙa bayarwa, daidai yake da ƙananan janaretoci 2,500 masu kilowat ɗaya ɗaya suna aiki ba dare ba rana, ba tare da an sayi fetur ko kwalba guda ba. Tela da mai walda da mai injin niƙa sun fi kowa sanin darajar wannan. Abin da ya fi haka muhimmanci kuwa shi ne, Lambar Rimi zakaran gwajin dafi ce. Duk mai dukiyar da ake roƙo ya zuba kuɗinsa a tashar megawat 100 a Katsina ko Sakkwato ko Jos, abin da zai fara tambaya shi ne yadda ta ƙare da 'yar ƙaramar da aka fara.

Dalilin da ya sa Arewa take bukatar wutar da aka samar a cikinta ya fito fili a watan Oktoba na 2024. Fiye da kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijeriya daga tashoshin gas yake fitowa, mafi yawansu a kudu, sauran kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. Wutar da ke isa Kano da Katsina da Maiduguri sai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci a kan 'yan layuka ƙalilan. Da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ya taso daga Ugwuaji a Jihar Inugu zuwa Apir a Jihar Binuwai ya sami matsala ran 21 ga wata, sai akasarin jihohin Arewa suka faɗa duhu fiye da mako guda. Asibitoci suka koma kan janareta, ruwan famfo ya ɗauke, injunan casar shinkafa suka tsaya, masu ƙanƙara da masu kifi suka tafka asara. Mazauna Agege ba su manta ba, domin a makon nan da yawansu sun kasa samun iyalinsu a waya, waɗansu kuma kuɗin cajin waya da na ruwa suka riƙa aikawa gida. Iska na wahalar da mai kayan kara, kuma a ƙasan nan talakan Arewa shi ne mai kayan karan.

A nan ne maganar lantarki ta haɗu da maganar ci-rani. Hausawa sun daɗe a Agege, tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, kuma zuwan da ɗan kasuwa ya yi da jarinsa abin alfahari ne. Amma zuwan da dubban samari suke yi a bayan tirela, a kan buhunan albasa ko tsakanin shanu, ba fatauci ba ne, rashin abin yi ne a gida. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran masaƙu suka bi sahu, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano da yawa suka zama kufai. Shigo da yadi ta ɓarauniyar hanya yana cikin abin da ya kashe su, amma rashin tsayayyar wuta da tsadar man injuna suna sahun gaba. Tumatirin da aka noma a Kadawa ko Ɗanja yakan yi kwanaki a hanya kafin ya iso Mile 12, wani ya ruɓe a kwando, saboda babu isassun ɗakunan sanyi da wuraren sarrafa shi a inda aka nome shi. Shanu sukan sha wuyar tafiya har mayankar Oko-Oba, alhali da akwai wuta, da an yanka waɗansu a gida an kawo naman cikin sanyi, fata da ƙashi da aikin yi kuma su zauna a Arewa. Da Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga ran 1 ga watan Yuni, 2022, samari da yawa sun rasa abin yi a nan, kuma babu abin da ke jiransu a can.

Ba a cewa iska kaɗai za ta warkar da wannan ciwo. Wajibi ne a haɗa ta da hasken rana, da madatsun ruwa, da batura masu ajiye wuta, domin wani ya rufa wa wani asiri. Rana tana ba da wuta da tsakar yini, iska kuwa ba ruwanta da faɗuwar rana, kuma a lokacin hunturu da hazo kan rage hasken rana, a lokacin ne iskar arewa maso gabas take kaɗawa, a lokacin ne kuma manoman rani suke bukatar injin ban ruwa. Tashar iska tana da nata wahalhalu: ƙura tana cin injuna in ba a kula da su, fuka-fukan suna da ƙara ga wanda gidansa ke kusa, sukan kuma kashe tsuntsaye in an kafa su a hanyar ƙaurarsu. Amma fili ba ya salwanta, domin manomi yana iya shuka geronsa, makiyayi ya yi kiwonsa a tsakanin turakun, muddin an biya masu gonaki diyyar inda aka taɓa. Injunan Lambar Rimi ma an ƙera su ne ta yadda za a iya kwantar da turken a ƙasa a yi gyara a sake tayar da shi, ba sai an nemo ƙaton injin ɗaga kaya daga Ikko ba. Irin aikin da makanikan Katsina za su iya koya ne cikin 'yan watanni.

Uzurin da gwamnonin jihohi suka daɗe suna fakewa da shi, cewa lantarki hurumin Gwamnatin Tarayya ne, ya riga ya faɗi. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, a watan Yuni na shekarar kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba kowace jiha ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakarta. Jihar Legas tana cikin waɗanda suka yi wuf suka kafa tasu dokar da tasu hukumar. Ba abin da zai hana jihohin Arewa yin haka, ko ɗaya ɗaya ko a haɗe.

Saboda haka akwai abubuwa biyar da ya wajaba a yi. Na farko, ma'aikatar lantarki ta tarayya da Gwamnatin Jihar Katsina su fito su gaya wa jama'a, da alƙaluma, nawa aka kashe a Lambar Rimi tun daga farko, injuna nawa ne suke juyawa, kuma wuta nawa tashar take bayarwa kowane wata. Dukiyar jama'a ce, jama'a suna da hakkin su ji. Na biyu, a tsai da mai alhaki guda ɗaya, wanda za a yaba wa in ta yi kyau, a tuhuma in ta lalace, domin aikin da ke tsakanin hukumomi da yawa maraya ne. Na uku, a ɗaure yarjejeniya bayyananniya da kamfanin KEDCO mai raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, a kuma tabbatar garuruwan da suka ba da filayensu suna cikin waɗanda za su fara sha. Na huɗu, a ɗauki ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a koya musu kula da injunan, don kada ƙaramin gyara ya jira baƙo daga Faransa. Na biyar, a ba da tsaro na dindindin, a kuma sa hakimai da dagatai da matasan yankin a ciki, domin wanda yake shan wutar tasha ba zai zuba ido a kwance ta ba.

Su ma 'yan Arewa mazauna kudu akwai nasu kason. Suna da sarakunan Hausawa a Agege da sauran unguwanni, suna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na ci gaban garuruwa, suna aika kuɗi gida kowane wata, sukan kuma koma lokacin salla da lokacin zaɓe. Mai irin wannan matsayi ba ɗan kallo ba ne. Idan ɗan majalisa ko gwamna ya zo Ikko neman goyon baya, kada a sallame shi da kirari da hoto kawai, a tambaye shi labarin Lambar Rimi, a kuma rubuta amsarsa a ajiye. Ƙungiyoyi su rubuta wa majalisun jihohinsu takarda su nemi a yi dokar lantarki. Akwai kuma wata magana mai ɗaci da tilas a faɗe ta. Sana'ar gwangwan sana'a ce ta halal da ta rufa wa dubban mutane asiri, amma wayar tagulla da aka yanko daga tasha ko taransifoma sai ta sami mai saye kafin ta zama kuɗi. Shugabannin wannan sana'a, a kudu da Arewa, su sa doka a tsakaninsu cewa ba za a auna irin wannan kaya ba. Wanda ya sayi wayar da aka sato daga Rimi, duhun garin mahaifiyarsa ya saya.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu iya magana, amma mutanen Zangon Agege ba su bar gida ba, neman abin da za su riƙe shi da shi suka fito. Abin da suke bi bashi shi ne ranar da saurayi a Rimi ko Charanci ko Kankiya zai buɗe shagon walda a garinsu, ya yi zuwa Ikko don ganin dama, ba don tilas ba. Turakun nan suna nan tsaye, iska kuma ba ta daina kaɗawa ba tun 2005. Allah Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, Ya ba talakawa ƙarfin halin tambaya, amin.